A Bar Yaran Nazare Su Yi Tafiyar Agwagwa

Ga tambaya ga mai karatu: saniya idan tana kwance za ta tashi, da ƙafafun gaba take fara miƙewa ko da na baya? To doki fa? Wanda ya taɓa kwana kusa da garke ba zai yi dogon tunani ba. Saniya bayanta take fara ɗagawa, ta dogara a kan gwiwoyin gaba, sannan ta miƙe. Doki kuwa ƙafafun gaba yake fara turawa, ya ɗago ƙirji, baya ya biyo. Ɗan Fulani mai shekara biyar ya san haka, kuma idan ka ce ya nuna maka, nan take zai zube ƙasa ya yi maka tashin saniya ba kuskure. Amma ka tara manyan 'yan boko a Kano ko Kaduna ka jefa musu wannan tambaya, ka ga yadda za a yi ta kallon juna.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne yadda ake koya wa ƙananan yara dabbobin gida a makarantunmu na nazare da rabin aji. Ka leƙa aji ɗaya, ka ga saura. Akwai takarda mai hotuna manne a bango, wadda aka sayo a kasuwa. Saniyar da ke jiki mai dabbare-dabbaren baƙi da fari ce, ba tozo, ba ƙaho, irin ta ƙasar Holan. Tunkiyar gashi ya rufe ta ruf, ba ta kama da Balami ko Uda ko 'Yankasa ta kowace fuska. Ga alade a gefe yana murmushi. Malama na riƙe da tsumagiya tana nuna hoto, tana faɗin suna da Turanci, yara na maimaitawa da iyakar muryarsu, kowa ya harɗe hannu a ƙirji. Wanda ya motsa a daka masa tsawa. A daidai wannan lokaci, jar akuya tana bakin ƙofar makarantar, ta ɗora ƙafafun gaba a jikin katanga tana miƙa wuya ta kamo ganye, ba wanda ya ce wa yaran su dube ta.

Ra'ayina a nan shi ne, wannan darasi a tsaye ya kamata a yi shi. A fitar da yara su kalli dabba da idonsu, sannan a bar su su gwada tafiyarta da kwanciyarta da cin abincinta da jikinsu, da tafi da tsalle da rawa. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu da jiki yake fahimtar duniya kafin ya fahimce ta da harafi. Duk uwa ta san haka ba tare da an karantar da ita ba: ka ce wa yaro wuta da zafi sau goma, sai ranar da ya kai hannu kusa da murhu zancen yake zama.

Ba kuma wani sabon abu nake nema a ƙirƙiro ba. Kundin manufofin ilimi na Nijeriya, wanda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabunta shi, ya faɗa a fili cewa a matakin da ke gabanin firamare wasa ne babbar hanyar koyarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara uku zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, minti 60 daga ciki matsakaici zuwa mai ƙarfi, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. Sai mai karatu ya auna wannan da halin yaron da aka ɗauka a Keke Napep da sassafe, aka dasa shi a benci har azahar, ya dawo gida aka miƙa masa waya don ya bar mutane su huta. Idan irin wannan yaro ya hau kan tebur a aji, sai a ce ba ya jin magana, alhali jikinsa ne ke neman haƙƙinsa.

Su ma waɗanda muka aro tsarin nazare daga wurinsu ba da zaman benci suka fara ba. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya buɗe makarantar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837, da waƙa da wasannin da'ira da aikin lambu ya gina ta. Maria Montessori, wadda sunanta ke rubuce a allunan makarantun kuɗi da dama a biranenmu, ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, kuma cikin abubuwan da ta fi tsana akwai bencin da ke ɗaure yaro wuri ɗaya. Mun ɗauki sunan mun liƙa a ƙofa, mun bar aikin. Daga baya Rudolf Laban, masanin rawa da ya ƙare rayuwarsa a Ingila, ya fitar da littafi a 1948 kan rawa a makarantu. Abin da malamar nazare za ta ɗauka daga gare shi kaɗan ne amma mai amfani: kowane motsi ana iya tambayar nauyinsa, da saurinsa, da inda ya nufa, da ko a sake yake ko a ɗaure. Takun bijimi mai nauyi ne, a hankali. Gudun zabo marar nauyi ne, farat ɗaya, kuma ba ya miƙewa. Da waɗannan tambayoyi kaɗai an samu darasin mako guda.

Bari in kwatanta yadda abin zai kasance, don kada a ɗauka cewa kawai za a saki yara ne su yi ta ihu.

Malama ta roƙi maƙwabciyar makaranta aron kaza mai 'yan tsaki, ko ta kai yaran bakin akurkin. A zuba tsaba, a ajiye ruwa a kasko, a ce kowa ya yi shiru ya kalla. Minti biyar ya isa. Daga nan a koma inuwa, malama ta tambaya: yaya kaza ta sha ruwa? Wani zai ce da baki. To nuna mana. Sai ya sunkuya ya tsoma baki. Nan take wata za ta ce a'a, ai sai da ta ɗaga kai sama. Shi ke nan, darasi ya kankama. Kaza ba ta zuƙar ruwa. Cika baki take yi ta ɗaga kai ya gangara. Tattabara kuwa tsoma baki take ta zuƙa ba ta ɗago ba. Yara talatin suna sunkuyawa suna ɗaga kai sama tare, malama na tafa musu, rawa ta samu. A ƙara da tono: ƙafar dama sau biyu, ta hagu sau ɗaya, a ja da baya, a duba ƙasa, a tsattsaga. A ƙara da tafiyar, yadda kai yake tsayawa cak jiki ya iso shi, sannan ya sake zabura gaba. Sai a zo wurin da yara suka fi so: malama ta yafa mayafi ta zama uwar kaza, yaro ɗaya ya buɗe hannuwa ya zama shirwa yana shawagi, sauran 'yan tsaki ne a warwatse. Da uwa ta yi ƙara, kowa ya ruga ƙarƙashin mayafi ya yi tsit. A cikin wannan wasa ɗaya yaro ya koyi sauraro, ya koyi tsayawa idan an ce a tsaya, ya koyi gudu ba tare da ya bangaje ɗan'uwansa ba, ya kuma san dalilin da ya sa kaza mai 'ya'ya take da faɗa. Idan aka ce masa kwana 21 take kwanci kafin ta ƙyanƙyashe, sai a ƙirga da tsalle, ko ba a kai ƙarshe ba.

Raƙumi ma darasi ne mai daɗi, ga waɗanda ke Sakkwato ko Katsina ko Damagaram inda ganinsa ba wuya. Ƙafar gaba da ta baya na ɓangare ɗaya yake ɗagawa kusan tare, shi ya sa mahayinsa ke rangaji dama da hagu. Ka ce wa yara su yi rarrafe haka, hannun dama da gwiwar dama lokaci guda, ka sha dariya, domin abin ba ya yiwuwa sai an natsu. Idan zai durƙusa gaba yake fara kaiwa ƙasa, idan zai tashi baya yake fara ɗagawa. Ga tuƙa, wadda raƙumi da saniya da akuya da tunkiya duk suke yi, jaki da doki kuwa ba sa yi: yara su zauna su yi ta juya muƙamuƙi gefe da gefe, ido a lumshe. Wannan shi ake ajiyewa ƙarshe, lokacin da ake son aji ya lafa. Ga bambancin akuya da tunkiya, wanda yaran birni da yawa ke rikitawa tunda tumakinmu ba masu ulu ba ne: wutsiyar akuya a ɗage take, ta tunkiya a sake. Akuya sama take nema, tunkiya kanta a ƙasa, tana bin 'yar'uwarta duk inda ta sa gaba. A raba aji biyu, waɗannan su yi ta ɗage suna tsalle kowa ta kansa, waɗancan su bi juna a jere. Ba za su sake mantawa ba.

Sharaɗin abin guda ne, kuma a kansa nake da tsanani: kallo kafin kwaikwayo. Idan malama ce ta tsaya a gaba ta ce ga yadda agwagwa take tafiya, kowa ya yi yadda na yi, to hadda ce aka sake yi, an dai mayar da ita daga baki zuwa ƙafa. Amfanin yana cikin yaro ya duba da kansa, ya gwada, a ce masa koma ka sake dubawa, ya gyara. Gani ya kori ji. Kuma wannan ɗabi'a ta duba abu da kyau kafin a yi magana a kansa ita ce tushen duk kimiyyar da za a koya masa nan gaba.

Masu son Turanci kada su ji tsoro, ba abin da za su rasa. Tun shekarun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, James Asher, ya shahara da hanyar koyar da baƙon harshe ta ba da umarni ɗalibi ya aikata da jikinsa. Kalmar tsalle da aka koya ana tsalle ta fi zama daram a kan wadda aka koya hannu a harɗe. A fara da Hausa, yaro ya san maraƙi da karsana da bijimi, ya san bunsuru da taure, ya san turke da dusa da harawa, sannan a ɗora masa na Turanci a kai. Takardar bango kalma ɗaya ta tanadar wa saniya. Makiyayi yana da Bunaji fara, da Rahaji ja mai dogon ƙaho, da Bokoloji mai saɓa-saɓan fata da guntun ƙaho. Ban ga dalilin da zai sa mu kai yaro makaranta don a rage masa kalmomi ba.

Wani zai ce duk wannan bidi'ar Turawa ce. Ina jin ya manta ƙuruciyarsa. Wa bai hau dokin kara ba, ya ɗaura masa linzamin tsumma, ya yi ta sukuwa a lungu yana haniniya da bakinsa? Wa bai gina shanun laka ba bayan ruwan sama, ya kafa musu ƙahon tsinke? A wasan ɗan akuyana yara ke riƙe hannu su yi da'ira, ɗaya a tsakiya yana neman kafar da zai ɓalle ya fita. A watan azumi, daga goma ga wata, masu tashe ke bin gidaje suna kwaikwayon tsoho da malami da mai magani, su suke haɗa kayan wasansu, su suke tsara takunsu. Mai tatsuniya ma idan ta zo kan kura sai ta canza murya ta ɗingisa. Dandali ya yi wannan aiki shekara da shekaru ba a biya shi ko kwabo ba. Yanzu a unguwannin birni da yawa dandalin ya mutu: an yanka filin an sayar, tsoro ya hana yara fita da dare, talabijin da waya sun cinye abin da ya rage. Idan makaranta ba ta karɓi wani sashe na aikin ba, ba mai karɓa.

Akwai damuwar da ba zan raina ba. Iyaye da dama, da zarar sun ji an ce ana koya wa 'ya'yansu rawa a makaranta, ransu zai ɓaci, kuma suna da hujja, domin sun ga abin da ake yi a bukukuwan yaye ɗalibai: a ɗauko mai kiɗan zamani da manyan lasifikoki, a sa yara 'yan shekara huɗu su yi ta karairaya da waƙoƙin manya, iyaye na liƙi ana ɗauka a waya. Ni ma ba na son wannan. Abin mamaki, sau da yawa makarantar da ke shirya irin wannan biki ita ce ke hana yaro motsi a sauran kwanakin shekara. Abin da nake magana a kai ba ya bukatar kiɗa ko kaɗan. Tafi ya wadatar, ko gwangwani da tsakuwa a ciki. Inda iyaye suka fi son a ware maza da mata, a ware. Su kuma masu ganin kallon dabba da kula da ita wasan banza ne, su tuna cewa a Suratul Gashiya raƙumi aka umarci mutane su duba yadda aka halicce shi, kuma ya tabbata a hadisi cewa babu annabin da bai yi kiwo ba, har da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki.

Damuwa ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta cunkoso. Malama ɗaya, yara cike da ɗaki har bakin ƙofa, albashi bai taka kara ya karya ba, ga rana. Ba zan ce mata abin mai sauƙi ne ba. Sai dai ai yanzu ma rabin ƙarfinta a kan tsawatarwa yake ƙarewa. Minti goma sha biyar da safe a gindin darbejiya, rukuni-rukuni, da alama ɗaya da kowa ya sani ta tsayawa cak, ba ya cin kuɗi, kuma yaron da ya fitar da kuzarinsa ya fi zaunuwa bayan nan. Wanda ya fi cunkoso wuyar sha'ani shi ne mu iyaye. Mu ne muke buɗe jakar yaro ɗan shekara uku mu ga ko an cika littafi da rubutu, idan ba a cika ba mu ce makarantar ba ta koyarwa. Mai makaranta kuma ɗan kasuwa ne, abin da mai biya yake so shi zai sayar. Muddin muna auna ilimin ƙaramin yaro da yawan shafukan da ya cika, za a ci gaba da danne masa hannu a kan fensir tun yatsunsa ba su yi ƙwari ba.

Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba. A ajin hadda, yaron da ya zo daga ruga ko daga ƙauye shi ne a baya kullum, don ba a jin Turanci a gidansu. A wannan darasi shi ne malami. Shi ya san cewa saniya da harshe take naɗo ciyawa saboda ba ta da haƙoran gaba a sama. Shi ya san rago idan ya ja da baya ba tsoro ya ji ba, karo yake shiryawa, kuma ba a tsayawa a bayan jaki. Ranar da malama ta ce masa fito ka nuna mana, ranar ce ta farko da makaranta ta gaya masa cewa abin da ubansa ya sani ilimi ne. 'Yan ajinsu ma sun ji. A ƙasar da aka kai matsayin da sunan makiyayi ya koma abin zargi a bakin mutane da yawa, ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya don a kai boko ruga. Ba laifi idan ilimin ruga ma ya shigo aji.

Sannan mu dubi inda arzikinmu yake. Kasuwannin Maigatari da Potiskum da Mai'aduwa da Illela da dabbobi suke ci. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. A Shika kusa da Zariya akwai cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata sukutum don bunƙasa kiwo. Duk waɗannan suna bukatar likitocin dabbobi da masu bincike da masu kiwon zamani, kuma ba a samun su daga yaran da aka tarbiyyantar a kan cewa akuya ƙazanta ce, ci gaba kuma shi ne nesa da ita. Ba na cewa tafiyar agwagwa za ta mayar da yaro likitan dabbobi. Amma sha'awa da ƙyama duk a wannan shekaru ake shuka su.

Saboda haka ga roƙona ga hedimastoci da masu makarantu: ku ba malaman nazare izinin fita da yara waje, ku daina ɗaukar shirun aji a matsayin shaidar ana karatu. Kwalejojin ilimi da ke horar da malaman ƙananan yara su sa ɗalibansu su yi wannan a aikace, su cire takalmi su durƙusa, kada ya tsaya a takardar jarrabawa. Malama kuma ba sai ta jira an kira ta bita ba. Idan babbar Salla ta matso, kusan kowane layi a birni akwai rago a ɗaure. Ta nemi izinin mai shi, ta tsayar da yara nesa kaɗan su kalla, wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu. Ku kuma iyaye, idan yaro ya dawo da ƙura a gwiwar wando ya ce yau raƙumi suka yi, kada ku ɗauki waya ku kira makaranta da faɗa. Ku ce ya nuna muku yadda raƙumin yake tashi, ku duba ko ya yi daidai.